Na Je Indiya Duba Gonar Baba

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A ofis tambaya, a motar Bunguɗu zuwa Gusau tambaya, ranar sunan 'yar ƙanwar maigidana a Furfuri kuwa ko shinkafar ban samu na ci da zafinta ba, mata suka yi mini zobe. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana jujjuyawa, wai tana so ta ga ko fatar wanda ya je duniyar wata tana sauyawa. Na rantse mata ban je wata ba, ban wuce inda alhazai ke wucewa a jirgi ba, ta ce ai dama ta ji ba a barinmu mu faɗa. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda duk ya sake kirana 'yar sama jannati in miƙa masa takarda, ni kuma in ci abincina.

Sunana Rabi, malamar gona ce ni. Ina aure a Bunguɗu, ina aiki a Gusau. Wurin aikinmu ne aka zaɓe ni in je kwas na mako uku a kudancin Indiya, a birnin Bangalo, in koyo yadda ake karanta hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, don a riƙa gane inda shuka ta yi kyau da inda ta ƙi. Wannan shi ne aikin da gwamnati ta aike ni. Amma akwai wani aiken da ya fi shi nauyi a wuyana, kuma shi ne asalin labarin nan.

Damina huɗu ke nan rabon mahaifina da gonarsa. Ƙauyenmu yana can bayan Tsafe, 'yan bindiga suka tashe shi, kowa ya kama gabansa. Baba ya dawo Gusau gidan yayana Lawali, wanda ke lodin manyan motoci a tasha. Ranar da suka fito, abin da Baba ya ɗauko shi ne buta, da carbi, da wani ɗan tulu cike da irin dawa, kaura ce da ya gada wurin mahaifinsa. Iri kuwa ba ya son ajiya, in ya daɗe sai ya mutu a tulu. Saboda haka kowace damina Baba yakan yi kunya uku a wani ɗan siririn fili da ke tsakanin katangar Yaya Lawali da titi, ya shuka, ya girbe, ya sabunta abin da ke cikin tulun. Bana sai Yaya ya ce yana so ya gina shago a wurin. Ba mugunta ba ce, bakuna sun yi masa yawa a gida. Har an sauke bulo an jera.

Na taɓa nuna wa Baba gonar a taswirar waya. Ya duba ya duba, ya ture hannuna, ya ce, "Wanga ai labarin da na. Ga rumbuna nan tsaye, alhali an ce an ƙone shi." Gaskiyarsa ce, tsohon hoto ne.

Ranar da na je sallama, ruwan farko ya riga ya sauka, maƙwabta duk sun yi shuka, amma kunyoyin Baba ko sara ba a yi ba. Ya sa na zauna gefen tabarmarsa.

"Rabi, an ce inda za ki suna da madubi bisa, wanda ka ganin ƙasa dut."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To ga sallahu. Ki leƙa min gonata. Ba ta da ba, ta bana. In ta koma daji ki hwaɗa min gaskiya, in bar ma Lawali hilinshi shi yi shago, irin ga a kai shi inji a yi tuwo mu ci mu huta. Ba ni shuka sai kin dawo."

Ni malamar gona ce, na san mako uku shi ne iyakar abin da dawa za ta iya jira. Na ce to, da ƙarfin hali, kamar madubin a jakata yake.

Da hantsi muka tashi daga tashar Gusau, don hanyar nan ba a yi mata yamma. Yaya Lawali ya sama mini gidan gaba. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, kowa a motar bakinsa na motsi. A Tsafe na tarar da Gwaggo Ige, ƙanwar Baba, tsaye bakin titi da ƙulli uku: kilishi, ƙuli-ƙuli da daddawa. Tun daga nesa take ɗaga wa direba hannu kamar mai shirin kama ɓarawo.

"Ke ɗiya, riƙe wanga, an ce can ko nama ba su ci. In kin hau bisa kada ki leƙa ƙasa, juwa ka kwasar mutum."

Na ce, "Gwaggo, ba fa sama za ni ba, makaranta za ni."

"To, to. Ki dai riƙa addu'a in an kunna."

Kafin motar ta tashi labari ya zagaye fasinjoji. Daga Tsafe har Funtuwa wani ɗan kasuwar hatsi yana yi mini tambayoyi a kan ko gaskiya ne a can sama babu alƙibla. Da muka zo mararrabar da ake ratsewa zuwa ƙauyenmu na juya na bi ta da kallo. Ciyawa ta fara cinye hanyar.

Na kwana Abuja wurin wata ƙawata, washegari jirgi ya kai mu Habasha, muka sauya wani. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne agogo. An ce Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi. Huɗun na yarda, amma rabin nan har na dawo ban daina jin haushinsa ba, duk lissafin kiran gida sai ya ɓata mini shi.

A filin jirginsu aka duba fasfo, aka duba katin rigakafi, komai lafiya. Ina murna na tsallake, sai ga wani kare da ma'aikaci ke ja ya zo ya zauna daram gaban akwatina, ya ƙi tashi. Aka ce in buɗe. Kilishi dai nan take aka ɗauke, nama ba ya shiga. Ƙuli-ƙuli suka ƙwanƙwasa a tebur suka ji tauri, suka bar mini. Da aka kwance ƙullin daddawa kuwa, ma'aikacin ya ja da baya taku biyu, ya kira na gaba da shi, shi ma ya kira wata mata mai safar hannu. Na yi ta bayani da Turanci cewa 'ya'yan itace ne, miya ake yi da su. Matar ta sansana, ta rufe ido, ta ce kakarta ma tana da wani abu mai irin wannan hali. Suka yi dariya suka mayar mini. Karen nan har na fita ƙofa yana bina da ido, ina jin shi kaɗai ya san darajar abin a duk filin jirgin.

Na tafi da taƙamar ina jin Indiyanci, tunda mun tashi muna kallon finafinansu. Na gaishe da direban da ya zo ɗaukata, na jera masa duk abin da na haddace. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce mini da Turanci shi ma ba ya jin wannan yaren sosai, na mutanen arewa ne, su nasu daban. Ashe shekara da shekaru ina tanadin guzurin da ba na wannan hanyar ba. Kuma mako uku na yi ban ga kowa ya ɓarke da waƙa a tsakiyar titi ba, sai dai hon na motoci, wanda ko 'yan acaɓan Gusau sai sun sara musu.

Masauki ɗaki ne mai gado biyu, ni da wata 'yar Kenya mai suna Esta, doguwa mai dariya da ƙarfi. Abinci kuwa Gwaggo ta yi gaskiya, babu nama. Da safe a ba ka wani farin abu mai laushi kamar wainar shinkafa da aka manta ba a soya ba, da wani shimfiɗaɗɗe wanda ɗan'uwan sinasir ne sak. Da rana shinkafa a kan ganyen ayaba, da miya kala-kala a ƙananan kwanoni, kowace da irin nata yajin. Da hannu suke ci kamar mu, wannan ya kwantar mini da hankali. Abin da ban sani ba, in ka cinye sai a ƙara, sai ka naɗe ganyen ake sanin ka ƙoshi. Ni kuma an hore ni ba a barin abinci. Ina cinyewa ana ƙarawa, ina cinyewa ana ƙarawa, har sai da Esta ta ga idona ya raina fata ta miƙo hannu ta naɗe mini ganyen. A kwana na biyar na lallaɓi mai dafa abinci ya bar ni na jefa daddawa a miyar wake. Aka buɗe tagogi duka, amma tukunyar ba ta kwana ba.

A aji mun kai mu ashirin, kowa da ƙasarsa, kuma kowa da abin da yake fahari da shi. Esta ta ce Turawa sun taɓa harba roka daga bakin tekunsu, don ƙasarsu tana daidai tsakiyar duniya, daga nan hawa ya fi sauƙi. Wani bawan Allah daga Kazakistan ya ce a ƙasarsu akwai babban filin harbawa da Rasha ke haya, kuma idan roka ta tashi takan yar da gangunanta a daji, makiyaya su tsinta su yi wa awaki rumfa. Na ce a raina, da a wajenmu ne, kafin ƙarfen ya huce 'yan jari-bola sun ɗora shi a sikeli. Da aka zo kaina na ce mu ma muna da taurari a sama, sai dai wasu ƙasashe ne suka ɗaga mana su.

A nan na gane harkar nan ba ta da bambanci da tashar Yaya Lawali. Akwai masu kaya, akwai masu mota. Ƙasashe kaɗan ne ke da mota, wato roka. Sauranmu masu kaya ne, mu kai tauraronmu a yi mana lodi. Da can gwamnatoci kaɗai ke da motocin, yanzu 'yan kasuwa sun shigo. Roka ɗaya sai ta kwashi taurarin kamfanoni da yawa, ƙanana kamar kwalin taliya, kowa ya biya kujerarsa, har da masu haɗa lodi a tsakani, 'yan kamasho ke nan. Aka nuna mana bidiyon wani kamfani a Amurka da rokarsa ke kai kaya ta dawo ta sauka a tsaye, a sake yi mata lodi. Da na ba Yaya labari a waya ya ce, "To da can mi suka yi? Kowace tahiya sai a yada mota? Lalle sun daɗe suna asara."

A mako na farko aka kai mu wani kamfani na masu zaman kansu. Na zaci zan ga katafaren gini, sai ga mu a bene na uku, saman wani shagon sayar da yadi. Matasa ne zaune da kwamfutoci, takalmansu jere a bakin ƙofa kamar masallaci. Wadda ta karɓe mu sunanta Mina, injiniya ce, 'yar ƙarama da ita, da jan ɗigo a goshi da furanni a gashi. Sana'arsu sayar da hoto ce: ka faɗi wurin da kake so, su umarci tauraro ya juya ya ɗauko maka sabo, mai kyan da za ka iya ƙirga bishiyoyi. Ta ce saboda talla, kowane ɗalibi zai zaɓi wuri ɗaya a ƙasarsa a ɗauko masa kyauta. Abin nema ya samu.

Wasu suka zaɓi madatsar ruwa, wasu babban birninsu. Da aka zo kaina Mina ta ce in ba ta lambobin wurin. Na ce ba ni da lamba, amma na san hanya. Ta buɗe taswira a babban allo ta ba ni wuri. Na nemo dutsen Kwatarkwashi, na ɗora yatsa a kan kwalta na bi har Tsafe, na ratse a mararraba, na bi jar hanya, na tsallake rafi inda muke wanki muna yara, na bi ta gefen maƙabarta, har na iso ɗorawar da ke kusurwar gonar Baba. Hanyar da ƙafata ta yi shekara huɗu ba ta taka ba, ga shi na bi ta da yatsa a ƙasar wasu, ba wanda ya tare ni. Ban san hawaye ya zubo ba sai da Esta ta miƙo mini gefen gyalenta.

Mina ta tambaye ni me ke wurin, na ba ta labarin Baba da tulunsa da kunyoyinsa uku. Ta ce nata kakan ma manomi ne. Ta duba kwamfuta ta ce tauraron zai bi ta kan wurin sau uku kafin mu tafi, kullum da hantsin ƙasarmu. Ta ƙara da cewa, "Matsala ɗaya ce. Idan akwai gajimare, ba ya ganin komai."

Na ce, "Damina ce fa yanzu a wajenmu."

Ta ce, "To sai ki yi addu'a."

Hoton farko ya zo fari fat, kamar an shimfiɗa auduga tun daga Tsafe har Gusau. Na kira Yaya na ce ya ba Baba waya, don na san bakin tsoho ba ya faɗuwa ƙasa.

"Baba, an gwada, hadari ya rufe. Jibi za a sake. Don Allah ka taya ni roƙo gari ya washe ranar, ko na awa ɗaya ne."



"Rabi, mi kika ce? Ni, manomi ɗan manomi, in ɗaga hannu cikin damina in ce Allah Shi kore hadari? Don hoto?"

"Baba, awa ɗaya kawai..."

"Ko ƙibtawar ido. Mutane sun zuba irinsu cikin ƙasa suna kallon bisa. Da in yi wagga addu'a gara in mutu ban ga gonar ba. Ke ma kada in ji kin yi ta."

Ya miƙa wa Yaya waya. Ina jin Yaya yana dariya har da tari. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In roƙa, na saɓa wa Baba, kuma ni kaina kunyar roƙon nake ji. In bari, sallahu ya faɗi. Daga ƙarshe na riƙa cewa Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma ba zan ɓoye muku ba, can ƙasan zuciyata ina ɗan nuna inda nake so zaɓin ya faɗa. Hoto na biyu ya zo, ya fi na farko fari.

Ana cikin haka aka ce za a harba roka a bakin tekun gabas, aka ɗebe mu a bas tun da asuba. Baƙi ba sa shiga ciki, sai muka tsaya a bakin wani tafki tare da mutanen gari. Wurin ya zama kasuwa: masu sayar da ruwan kwakwa, masu gyaɗa, 'yan makaranta da tutoci, tsofaffi da lema. Mina, wadda ta biyo mu don akwai kayan kamfaninsu a cikin lodin, ta gaya mini cewa kafin a harba, manyan injiniyoyi sukan kai ɗan ƙaramin samfurin rokar wurin ibadarsu a sa albarka. Na ce ashe duk ilimin mutum, in zai jefa abinsa inda hannunsa ba ya kaiwa, sai ya nemi Mai sama. Mu ma ba ma zuba iri sai da bisimilla.

Aka fara ƙirga da baya a lasifika, dubban mutane suka ɗauka baki ɗaya. Can nesa bayan bishiyoyi sai wuta ta tashi, mai hasken da ya fi na walda, shiru ba ƙara, tana hawa a hankali kamar ba ta so. Na buɗe baki zan ce wa Esta ashe abin ba ya da ƙara, sai ƙarar ta iso. Ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta. Tsuntsayen tafkin suka tashi gaba ɗaya. Ni dai na tsinci kaina a durƙushe ina salati, kwakwata ta gangara cikin ruwa, ɗan kwalina ya zame. Wata tsohuwa da ban sani ba ta rungume ni tana kuka tana dariya, ni ma ina yi, ba mai jin yaren wani. Gani ya kori ji. Gwaggo ta ce in yi addu'a in an kunna, kuma ga shi na yi ba tare da na shirya ba.

A hanyar dawowa kowa na waƙa a bas, ni ina kallon sama ta taga ina lissafin saura dama ɗaya.

Ana gobe za mu taso Mina ta kira ni ofishinsu. Da na ga fuskarta na san ba ta da daɗin labari. Ta buɗe hoton. Wannan karon gari ya buɗe. Ga jar hanya, ga maƙabarta, ga rafi ya cika ya yi jajir, ga ɗorawar Baba a kusurwa, shar da ita. Daga gindin ɗorawar kuwa, daidai inda gonar ta fara har inda ta ƙare, wani dunƙulen gajimare ne zaune, fari sol, da inuwarsa a gefe. Duk faɗin hoton shi kaɗai ne, kamar aiko shi aka yi.

Na yi dariya don kada in yi kuka. Mina ta ce akwai wani tauraro mai gani ta cikin gajimare, ta nemo mini nasa. Shi kuma ba hoto ba ne da ido zai gane, dishi-dishi ne kamar an watsa dusa a faranti. Abin da kawai ta iya karantawa shi ne ƙasar wurin jiƙe take sharkaf. Ko gona ce ko daji, ba ta iya cewa.

Sai ta ce akwai dabara. Idan suna haɗa taswira, sukan yanke gajimare su liƙa tsohon hoton wurin a gurbinsa, ba mai ganewa. In ina so, minti biyar ne. Wallahi na so. Na hango Baba yana murmushi, na hango kaina na fita kunya. Amma mutumin nan cewa ya yi in faɗa masa gaskiya, kuma shi ne ya gane tsohon hoto da rumbu. Na ce ta buga mini shi yadda yake. Ta buga a babbar takarda mai sheƙi, ta naɗe ta sa a kwali, ta ce in gaishe da Baba. Ni kuma na ba ta sauran ƙuli-ƙulin Gwaggo, na gargaɗe ta a kan haƙora.

Dawowa ba ta da labari, sai nauyin zuciya. A Tsafe Gwaggo Ige ta leƙo ta taga tana tambaya ko na ga juwa, na ce na gani. Ban wuce Bunguɗu ba, na sauka Gusau da la'asar. Bulo na nan jere, kunyoyin Baba ciyawa ta fara rufe su. Yana zaune a tabarma, tulun yana gefensa, da alama tun safe ya fito da shi. Yaya Lawali yana tsaye jikin katanga.

Bayan gaisuwa na warware takardar a gabansa, na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na je, na gwada sau uku, ban ga gonar ba."

Bai kula ni ba. Ya juya takardar har sai da gabas ta koma inda yake so, ya sunkuya. Yatsansa ya sauka a kan jar hanya, ya bi ta a hankali. Ya tsaya a maƙabarta, bakinsa ya motsa. Ya tsallake rafi.

"Rahi ya kawo," in ji shi. "Dubi yadda yac cika." Ya matsa gaba. "Ga ɗorawata. Ba su sare ta ba." Sai yatsan ya tsaya a bakin farin. "Wanga hwa?"

"Shi ne hadarin, Baba. Daidai kan gonar ya zauna. Sun ce ƙasar jiƙe take, amma ba a ganin abin da ke ƙarƙashi."

"Wace rana ta?"

"Talatar nan da ta wuce, da hantsi."

Ya ɗago ya dubi Yaya. "Lawali, Talata an yi ruwa nan?"

"Ko yayyahi ba a yi ba, Baba."

Baba ya mayar da ido kan takardar. Ya daɗe yana shafa farin nan da tafin hannu, yadda yake shafa kan jikokinsa. Da ya ɗago, gemunsa ya jiƙe, amma dariya yake yi.

"Ke Rabi, kin yi boko kin rasa karatu. Kin ce ba ki ga komi ba? Ga hili dut ko'ina sarari, hadari guda ɗai, kuma bisa gonata yat tsaya. Shekara huɗu ban je ba, ban sara ba, ban roƙa mata ba, ashe ana kai mata rabonta. Mu munka gudu. Ruwa bai gudu ba, bai ko ɓata hanya ba."

Yaya Lawali ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar. Sannan ya tuɓe riga ya rataye a ƙofa, ya sunkuya ya ɗauki bulo na farko ya nufi cikin gida da shi.

Ko akwatina ban shigar ba. Baba ya ɗauko sungumi ya miƙo mini tulun, ya shiga gaba yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige, da takalmin da na je Indiya da shi. Garin sauri, wasu ƙwayoyi suka zube a gefen kunya. Baba ya tsaya, ya sunkuya da ƙyar ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba mini a tafi.

"Yi a hankali, ɗiyata," ya ce. "Wanga ba na tuwo ba na. Na komawa gida na."